Inda Sauro Ya Yi Shiru

Da rigimar buta aka buɗe ranar. Kunne ya shigo kicin yana ɗaura agogo, ya tarar da butar shayi a kan wuta tana ta feso tururi kamar za ta tashi sama, amma ko ƙis ba ta ce ba. Buta ce mai fito, sabuwa fil. Ita ce ta maye gurbin wadda ya mayar wa mai kanti da faɗa a watan jiya, a kan wannan laifin dai.

"Kin gani ko? Ita ma ta mutu! Kayan yanzu duk jabu ne, wallahi. A ce buta mai fito ba ta fito, to me ya raba ta da tukunya?"

Matarsa ta ba shi baya tana yanka burodi. Ya ga kafaɗarta ta motsa, alamar ta ce wani abu.

"Ki buɗe baki ki yi magana mana! Kullum sai ƙus-ƙus kamar mai gulmar maƙwabta."

Ta juyo ta dube shi, kallon da ya ɗan yi tsawo. Sannan ta sauke butar ta zuba masa ruwan.

"Sha shayinka kada ka makara," ta ce da ƙarfi.

Ya sha a tsaye, ya ƙona harshe, ya fita yana tsaki.

Sunansa na gaskiya sai dai a katin aiki. A gidan talabijin ɗin da yake aiki, tun daga mai gadi har Manaja, Kunne ake ce masa, kuma ba a banza ba. Shi ne mai kula da motar faranti, wata doguwar farar mota mai ɗauke da ƙaton faranti a rufinta. In wani abu ya faru a nesa, ita ake turawa. Sai a ɗaga farantin a saita shi da tauraron ɗan Adam, hoto ya hau sama ya sauko a tasha, mutane su gani kai tsaye a ɗakunansu. Sai dai tauraron da tashar take haya tsoho ne, shi ya sa ma yake da araha, kuma ba ya zama wuri ɗaya. Rangaji yake yi a hankali, ya ɗan yi nan, ya ɗan yi can. Dole farantin ya riƙa bin sa muddin ana watsa shiri. Injin da ke yin wannan aiki da kansa ya daɗe da mutuwa, kuma duk sanda aka tambayi Manaja kayan gyaransa sai ya ce suna hanya. Wace irin hanya ce wannan, Allah kaɗai ya sani.

To da hannu ake yi. Maɓallai huɗu ne a wani ɗan allo: sama, ƙasa, hagu, dama. Sai kuma wani ɗan akwati da ke kuka. In farantin yana nesa da tauraro, gurnani akwatin yake yi. In ana matsowa sai muryar ta riƙa hawa tana sirancewa, inda ta fi siranta nan ne tsakiyar tauraron. Kunne zai sa abin sauraro a kunnuwa, ya lumshe ido, ya danna nan ya danna can, kafin mai ɗaukar hoto ya gama kafa kyamararsa an kama. Shekaru ya yi a haka, ba a taɓa jin hotonsa ya yi ko tari ba.

Tsohon akwatin, wanda suke kira Kwaɗo saboda kaurin muryarsa, ruwan sama ya shige shi ya ƙone. Aka sayo sabo mai siririyar murya, direban motar ya laƙaba masa Sauro. Daga ranar da Sauro ya shigo motar nan Kunne bai ƙara samun kwanciyar hankali ba. Shegen abu! Sai ya bari an matso, murya ta yi siriri, ana gab da kamawa, sai ya ɗauke ɗif. Ka ƙara dannawa kaɗan, sai ya dawo ta ɗaya gefen kamar ba shi ya yi ba. Kunne sai ya tsaya a inda ya fi jin kukan, ya ce a fara. Hoton kuma sai ya riƙa farfashewa a tasha. Rannan har mai rahoto ta daskare a allo da baki buɗe, ido ɗaya a rufe, mutanen gari suka ɗauki hoton a waya suna ta yawo da shi suna dariya.

Ya kai Sauro sashen gyara, suka dawo masa da shi suka ce lafiyarsa ƙalau. Ya sake kaiwa, suka sake dawowa da shi. Ya ce da su in ba su iya aiki ba su koma gyaran fanka.

Da ya isa tasha a safiyar nan, Manaja ya tare shi tun a bakin ƙofa. Ruwan jiya ya karya wata gada a bayan gari, motoci sun yi cirko-cirko ta kowane gefe, ana son rahoto kai tsaye a labaran rana.

"Malam Kunne, ni da kai ba ma ɓoye wa juna magana," in ji Manaja. "Na kare ka har bakina ya gaji. In yau ma hoton nan ya karye, ka kawo min makullin motar, ka koma sito."

"Yallaɓai, akwatin nan ne."

"Akwatin nan an duba shi."

Sito! Wani ɗaki ne a ƙarshen baranda, ba taga, cike da matattun kyamarori da wayoyi a nannaɗe, inda ake ajiye ma'aikacin da ake jin kunyar kora. Kunne ya gwammace a ce masa tafi gida da a zaunar da shi can yana kaɗe ƙura, motarsa tana wucewa ta gabansa da wani a ciki. Ransa ya ɓaci ƙwarai, har ya manta bai yi wa Manaja sallama ba.

A bakin gadar, komai ya haɗu ya tsaya masa a wuya. Laka har idon sawu. Manyan motoci sun jeru, direbobinsu sun shimfiɗa kwali a ƙarƙashi suna kwance. Masu tallar ruwa da biskit sun riga kowa zuwa, kamar da su aka shirya karyewar. Rabin gadar ya kwanta cikin jan ruwa, ƙarafanta a waje. Mai rahoton, wata yarinya mai saurin baki, ita ce dai wadda ta daskare a allo rannan, tana son gadar ta fito a bayanta. Kunne kuma yana son sarari, inda babu bishiya tsakanin farantinsa da sama.

"Baba Kunne, don Allah yau kada a maimaita min," ta ce tana gyara mayafi. "Har yanzu ƙannena suna kwaikwayon bakina a gida."

"Ke dai ki rufe shi in kin gama magana, shi ke nan."

Direban motar, wanda ake kira Birki, mutum ne mai sanyin hali, ya haura arba'in, abin duniya ba ya ɗaga masa hankali. Ya ajiye motar, ya sauke ƙafafun ƙarfen da ke daidaita ta, ya tayar da janareta. Farantin ya miƙe daga rufin a hankali ya fuskanci sama. Kunne ya zauna a ƙofar baya ta motar, allon maɓallai a cinya, Sauro a gefensa, janareta na ruri a bayan kunnensa kamar kullum. Ya sa abin sauraro ya lumshe ido.

Gurnani. Ya danna sama, ya danna dama. Murya ta fara hawa. Yauwa. Ya ƙara dama. Ta sirance, ta ƙara sirancewa, zuciyarsa ta ce yau kam an dace. Ya ƙara dannawa sau ɗaya. Ɗif.

"Allah ya isa tsakanina da kai," ya ce da akwatin.

Ya ja baya zuwa inda kukan yake, ya kira tasha. Mai karɓar hoto a can ya ce wani abu.

"Ɗaga murya, layin ba kyau!"

"Na ce hotonku na rawa, Malam Kunne! Ƙara neman sa!"

Ya sauko ya zagaya motar yana neman mai laifi, ya samu Birki.

"Dubi yadda ka ajiye ta a karkace! Haka ake ajiye mota? Ja gaba."

Birki ya kwantar da faranti, ya ɗage ƙafafu, ya ja gaba, ya sake saukewa. Aka sake ɗagawa. Gurnani, hawa, siranta, ɗif.

"Tirelar can ce. Ƙarfenta ne ke ruɗa min komai. Je ka ce wa direbanta ya matsa."

"Maigida, ina zai matsa? Gabansa ruwa, bayansa mota."

"To mu mu matsa!"

Aka matsa. Tayar baya ta nutse a laka, sai da 'yan kallo suka taru suka tura, aka feshe Kunne da laka tun daga gwiwa har ƙirji. Wani daga cikinsu ya tambaye shi ko farantin nan yana kama wasan ƙwallo. Wani ya ba shi shawarar ya ɗaura waya a jikin bishiya, wai haka yake yi a gida. Kunne ya haɗiye abin da ya zo masa baki, don in ya fito ba za a rabu lafiya ba. Rana ta take tsaka, gumi na bin bayansa. Mai rahoton tana ta kai da kawo da makirfo a hannu tana duba agogo, tana duba shi. Wayarsa ta haska a aljihun gaba, ya ga sunan Manaja, ya ƙi ɗauka.

Ya sake zama. Ya roƙi Allah, ya roƙi tauraron, har Sauro sai da ya lallasa kamar yaro. Ya taho a hankali, danna kaɗan, tsaya, danna kaɗan. Murya ta yi siriri kamar zare. Ya riƙe numfashi ya taɓa maɓallin dama da bakin farce.

Ɗif.

Nan fa haƙurinsa ya ƙare. Ya fizge abin sauraron daga kansa ya yi jifa da shi cikin laka. Wayar abin sauraron ta fizge daga jikin akwatin. Shi kuwa Sauro, in an cire masa wannan waya, ta lasifikar jikinsa yake kuka, kowa ya ji.

Birki, wanda ke tsugune kusa yana wanke hannu, ya zabura ya toshe kunnuwa da tafukansa. Mai rahoton ta yamutsa fuska ta ja da baya. Wani kare da ke kwance ƙarƙashin tirela ya tashi ya bar wurin. 'Yan kallo suka dare.

"Me ya same ku?" in ji Kunne.

"Maigida, rage shi! Zai huda mana ƙwaƙwalwa!"

"In rage me?"

Birki ya dube shi, hannuwansa har yanzu a kunne. Kunne ya dubi akwatin. Ga 'yar jar fitilarsa tana ci. Yana jin rurin janareta, yana jin ruwa na dukan gindin gada, yana jin wani direba yana zagin wani can nesa. Daga akwatin kuwa, babu komai.

Wayarsa ta sake haskawa. Mai karɓar hoto ne, wannan karon ihu yake yi.

"Yauwa! Kada ka taɓa! Malam Kunne, kada ka taɓa komai! Ya fito tas, rabon da in ga hoto haka tun bara!"

Kunne ya sa yatsa ya danna hagu. Siririyar muryar ta dawo masa. Birki ya sauke hannuwansa. Daga waya aka yi salati, "Ya fara karyewa! Me ka yi?" Ya danna dama. Shiru. Birki ya sake yamutsa fuska. "Ya dawo! Bar shi nan!"

Ashe Sauro bai taɓa ɗaukewa ba. Duk watannin nan, a daidai inda yake tsala ihunsa mafi ƙarfi yana cewa ga tauraron nan, a nan Kunne yake zaginsa ya kauce. Kunya ce ta fara zuwa, tsoro ya biyo bayanta.

"Baba Kunne, sun ce mu shirya, yanzu za su haɗa mu!" in ji mai rahoton.

Babu lokacin zama a yi jimami. Ya rage ƙarar akwatin don mutane su huta, ya ɗauko shi ya manna a kunnensa na dama. Mai ɗaukar hoto ya ɗaga hannu, yarinyar ta fara magana, gadar a bayanta. Kunne ya danna hagu kaɗan har ya ji bakin kukan, ya dawo. Ya danna dama har ya ji ɗaya bakin, ya dawo ya tsaya a tsakani. Haka ya yi da sama da ƙasa. Tauraron ya ɗan yi rangajinsa, muryar ta fara leƙo masa ta gefe, ya kore ta da yatsa ɗaya. Da can kuka yake bi. Yau kuwa da zarar ya ji kuka ya san ya kauce, sai ya koma inda ba ya jin komai. Yarinyar ta yi hira da direban tirela, ta yi da wata mata mai jinya da ta maƙale a hanyar asibiti, ta rufe rahotonta, ta rufe bakinta. Hoton bai yi ko gezau ba.

Ta zo da gudu tana tsalle a laka. "Baba Kunne, ka wanke ni! Wallahi ka wanke ni!"

Manaja ya kira, ya ɗauka.

"Kunne ya dawo!" in ji Manaja yana dariya. "Ai na faɗa musu, kunnen mutumin nan ya fi injinsu. Riƙe makullinka, malam, maganar sito ta wuce."

"Na gode, yallaɓai."

Ya kashe wayar. Bai ji daɗi ko na ƙwayar zarra ba. Ya sauka ya tsamo abin sauraron daga laka yana goge shi da gefen riga. Birki ya kashe janareta, sai duniya ta yi wani irin sakayau. Kunne ya tsaya yana kallon injin. Shekara nawa yana zaune da wannan abu a bayan kunnensa? An taɓa raba musu wasu 'yan robobin toshe kunne, ya ce shi da kunne yake cin abinci, ba zai toshe shi ba.

A hanyar dawowa mai rahoton da mai ɗaukar hoto suka bi wata motar. Su biyu suka rage a gaba. Birki yana tuƙi, bai kunna rediyo ba, abin da bai taɓa yi ba. Sai da suka shigo gari ya yi gyaran murya, ya juyo da fuskarsa sosai wajen Kunne kafin ya yi magana.

"Maigida, ba wanda zai ji daga bakina."

"Ko ka faɗa a gabana ma, ai ba ji zan yi ba," in ji Kunne.

Birki ya so ya yi dariya, ya ga ba wurinta ba ne, ya mai da ido kan titi. Kunne ya jingina kai da gilashi. Yau shirun nan ɗan ƙarami ne, danna kaɗan ka fita ta nan, danna kaɗan ka fita ta can, tsakiyarsa ba ta da wuyar samu. Amma ya san ba haka zai tsaya ba. Zai yi ta faɗi, har ranar da zai danna hagu ya yi ta dannawa bai ji bakinsa ba. Sito dai yana nan yana jiransa, an ɗaga masa ƙafa ne kawai.

Da la'asar ya isa gida. Ya cire takalman laka a bakin ƙofa, ya wuce kicin ba tare da ya yi sallama ba. Ya cika butar da ruwa, ya ɗora a wuta, ya ja kujera ya zauna yana kallonta. Ruwa ya fara motsi. Murfin ya ɗan yi rawa. Tururi ya fara fita ta ɗan ramin bakinta, siriri, sannan ya miƙe da ƙarfi. Bai tashi ba.

Matarsa ta fito daga can ɗakin ciki da sauri, hannunta da kumfar wanki, ta nufi butar. Ta gan shi zaune, ta tsaya.

"Yaushe ka dawo?"

"Tana fito?" ya tambaye ta.

Ta dubi butar, ta dube shi, ta dubi lakar da ta bushe a rigarsa.

"Har maƙwabta suna ji."

"Waccan fa, wadda na mayar wa mai kanti?"

"Ita ma."

Ya tuna yadda ya buga butar a kan teburin mutumin nan a gaban masu sayayya, yana kiransa macuci. Ya tuna sau nawa ya ce da matar nan tana ƙus-ƙus, sau nawa ya rantse ba ta gaya masa abu ba, ta yi shiru ta bar shi da rantsuwarsa. Tsohon halin ya taso masa, na neman mai laifi.

"To ke me ya sa ba ki faɗa min ba?"

Ta kashe wutar. Ta goge hannu da zaninta a hankali.

"Na faɗa maka," ta ce. "Ko yau da safe na faɗa maka."

Tururin ya yi ƙasa ya mutu. Idanun Kunne suka cika, ya bar su. Ya miƙa hannu ya jawo ɗaya kujerar, ya ajiye ta a gabansa daf da gwiwarsa, inda hasken taga zai faɗo a kan fuskarta.

"Zo ki zauna nan inda zan ga bakinki," ya ce. "Sake faɗa min."